Malam Abdulbaƙi Mai Zare Filogi

Har kwanan baya, kullum da hantsi, in ka biyo ta lungun maɗinka a Yakasai, sai ka tarar da Malam Abdulbaƙi a ƙofar shagonsa da tsumma a hannu, yana goge rautoci ɗaya bayan ɗaya kamar mai yi wa jikoki wanka. Rauta ita ce 'yar na'urar nan da ke raba intanet tsakanin kwamfutocin ofis. Nasa guda tara ne, duk tsofaffi, ofisoshi suka yar ya tsinto ya farfaɗo da su. A kansu ya shekara goma sha huɗu yana shirya mutane don jarrabawar satifiket ɗin farko na saita rauta.

To, bawan Allahn nan yana da wata ɗabi'a da in ba ka san shi ba sai ka ce mugunta ce. Ɗalibi zai duƙufa awa guda yana saiti, gumi har haɓa, sai Malam ya miƙe kamar zai ɗauko buta, ya sa hannu ya zare filogi. Ɗif! Ya mayar, ya zauna yana murmushi. Ita kuwa rauta, in ba ka ba ta umarnin adana abin da ka saita ba, wuta na ɗaukewa ta manta kaf. "Wa ya yi sebin?" Tambayarsa ke nan, wato wa ya adana aikinsa. Wanda bai yi ba, sai ya koma farko.

Ku tambayi Malama Zaituna ta Kabara. Shekara tara tana rubuta kati a wani asibiti mai zaman kansa, sai aka kawo kwamfutoci, aka ce kujerarta ta tashi. In ta kawo satifiket kafin ƙarshen wata mai zuwa, a ba ta kula da na'urorin. In ba ta kawo ba, sallama. Ta yi karatunta ita kaɗai a waya, ta zauna jarrabawar, ta saita komai daidai, ta manta ba ta adana ba. Ta faɗi. Dama ɗaya ta rage mata sa'ad da ta yi sallama a shagon.

"Malam, wallahi na iya komai, mantuwa ce kawai," in ji ta.

"Malama Zaituna, ai mantuwar ita ce jarrabawar. Bismillah, ga kujera."

Cikin sati uku sau goma sha ɗaya ya zare mata filogi. A na bakwai ta fashe da kuka. "Haba Baba! Saura layi ɗaya fa!"

"Ita wutar tana jiran layi ɗaya ne?" ya ce. Amma sai ya ture kwanon abincinsa gefe, ya jawo kujera kusa da ita, suka sake tun daga farko har aka kira la'asar. Mai zafin hannu, mai sanyin zuciya.

Ranar Asabar ɗin jarrabawa, saura minti ashirin a tashi, aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareto duk rautocin ɗakin sun mutu. Wuri ya kaure da salati, wani ya ɗora hannu a ka. Zaituna kuwa dariya ce ta kuɓuce mata, har mai sa ido ya harare ta. Wuta na dawowa ta duba: komai yana nan! Yatsunta sun riga sun yi sebin, ita kanta ba ta san lokacin ba.

Daga bakin titi ta diro daga adaidaita, ta shigo lungun da sassarfa, maɗinka suna leƙe. "Baba! An zare filogi! An zare, kuma na ci!" Malam ya ce "Alhamdulillahi", ya share hawaye da tsumman goge rauta. Aikinta ya tsira.

Ƙarshen watan nan Malam zai rufe shagon, don idanunsa sun daina ganin ƙananan haruffan allon kwamfuta. Abin da ciwo, amma murnar ta fi yawa.

Malam Abdulbaƙi, kai ne ka yarda a ji haushinka a shago don kada a yi kuka a ɗakin jarrabawa. Kai ne ka tsinci abin da aka yar ka mai da shi makaranta. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya.

Ku kuma masu sana'a a hannu, ku yi koyi: ku zuba ta a cikin mutane tun kafin a ɗauke wuta. Rautocin nan tara tuni Malam ya ba Zaituna, suna soron gidansu yanzu, ɗalibai huɗu a kansu. Asabar ɗin da ta wuce ta miƙe kamar za ta ɗauko buta, ta zare musu filogi.