Gaisuwar Gwaggo a Faifan Bisidi

Shekara huɗu Baba, wan mahaifina, bai ga ƙanwarsa Gwaggo ba. Shi yana Sabuwa, gwiwoyinsa sun hana shi hawa mota. Ita kuma Gwaggo tana Daudawa, ko warin fetur ta ji sai amai. Ni ke kai saƙo tsakaninsu, domin a lokacin ina koyarwa a firamare a Faskari, kusa da Daudawa.

Da aka yi hutu, na ari kyamarar wani abokin aikina mai ɗaukar bukukuwa, na nufi Daudawa. Na iske Gwaggo a tsakar gida tana kaɗi, auduga a hannun hagu, mazari na juyawa.

"Gwaggo, ki gaida Baba, zai gan ki a talabijin."

"Mi ka ce? Bari in sake kallabi."

Ta sako, ta zauna, ta yi magana fiye da awa guda. Ta gaishe shi, ta yi mishi faɗa kan goro, ta lissafa waɗanda suka rasu da waɗanda suka haihu, hannunta bai bar zaren ba.

Abokin ya juye mini hoton a tsohuwar kwamfutarsa, ya ce sauran aiki nawa ne. Ranar kasuwa na tafi Kankara wurin wani Alhaji mai shagon faifai. Ya jera mini iri uku. Sidi mai arha, ana ɗora mishi sau ɗaya. Dibidi ya fi ɗaukar abu, ya fi tsada. Sai wani da ake gogewa a sake ɗorawa, kuɗinsa ya kusa sayen sidi biyar.

"Wace na'ura ke gidan Baba?" in ji shi.

"Bisidi ce, Alhaji, tsohuwar na'urar kallon fim."

"To ka manta da dibidi, ba za ta karanta ba. Ɗauki mai gogewa ka koya a kansa."

Ban ji ba, na kwashi masu arha guda uku. Na ɗora hoton a na farko, na kai shi har Sabuwa, aka tada janareto, maƙwabta suka cika zaure. Allon talabijin ya yi shuɗi, ya tsaya a haka. Baba ya ce, "Ba komai, Malam, ka dai yi ƙoƙari." Wannan ba komai ɗin ya fi zagi zafi.

Na biyu ya lalace tun a kwamfuta. Na koma Kankara, Alhaji ya yi dariya ya miƙo mini mai gogewa. Ya ce kuskurena jefa hoton da nake yi a faifai kamar kaya a buhu, alhali sai an fara mai da shi tsarin da bisidi ke ganewa. Sau shida ina ɗorawa ina gogewa, ina gwadawa a na'urar mai shayin bakin tasha. A na bakwai fuskar Gwaggo ta fito, muryarta ta cika rumfar, har wani direba ya ajiye kofi ya amsa sallamarta. Na juye a sidin da ya rage, na nufi Sabuwa.

Wannan karon ban gayyaci kowa ba, amma zauren ya cika. Gwaggo ta bayyana da sabon kallabinta.

"Yaya, ina wuni?"

"Lafiya lau!" Baba ya amsa da ƙarfi, ya matso har gaban allo. Da ta zo kan goro ya ce, "Ji ta, har yanzu ba ta daina ba." Yana dariya yana goge ido da hannun riga. Sau uku aka maimaita kafin man janareto ya ƙare.

Da mutane suka watse, ya kira matarsa ta ɗauko mishi babbar riga a shirya ta.

"Jibi ka dawo da abin ɗaukar nan," ya ce da ni. "Ina da amsa."