Ƙaro a Kan Tsirkiyar Gita

Shekarar da aka yi babban taron ƙasa ina koyarwa a Gazawa, ko in ce ina amsa sunan malami, domin lakol, wato makarantar boko, ta fi zama a rufe. Daga safe zuwa la'asar manya na ta magana a Yamai, mu kuma muna gindin itacen bedi da rediyo muna gyara musu Faransanci. Na kasa zama wuri ɗaya. In je tasha, in dawo, in buɗe littafi, in rufe, in sake fita.

Cikin wannan yawon nake taka keke zuwa Gangara wajen kawuna, ƙanen mahaifiyata. Makaɗin kukuma ne, amma kukumar na rataye a bango. Igiyar amalanke ta murɗe masa hannun hagu da damina, yatsu uku suka sandare, ba su lanƙwasuwa balle su danna tsirkiya. Bai yi ƙorafi ba. Zuwa biki kawai ya daina, in ya jiyo kiɗa daga nesa sai ya zaga bayan gida duba awakin da ba abin da ya same su.

Wani abokin aikina yana da gita, kuma ya taɓa gani a Kwatano ana kwantar da ita a cinya, a ɗaga tsirkiyoyin da ɗan katako, a riƙa jan ƙarfe mai santsi a kansu maimakon danna su da yatsa. Na ari gitar, bakaniken moto ya ciro mini guntun ƙarfe daga tsohon inji, na ɗaure su a keke.

Kawu ya ƙirga tsirkiya shida da ido, ya kira ni yadda ake kiran malamai da Faransanci, ya ce, "Mushe, duk waɗanga aiki suke, ko su ma malaman lakol ne?"

"Ɗaya za ka kaɗa, Kawu. Sauran a sa su shiru."

"Ina ma a samu mai yin haka a Yamai."

Sa su shirun kuwa shi ne aikin. In ka kwantar da ƙarfen gaba ɗaya, duk shidan su amsa tare, kamar 'yan aji da aka tambaya wa ke son fita fitsari. Sai ka ɗaga gindinsa, bakinsa kaɗai ya taɓa siririyar da ke gefe, tafin dama ya rufe sauran. Babban yatsa da manuniya, waɗanda suka tsira, su suka riƙe ƙarfen. Sandararrun ukun suna jan ciki a bayansa, suna kashe ƙarar da ba a so. Ranar farko abin ya fito kamar kukan mage a rijiya, amma bai ajiye ba. Na bar masa gitar.

A Gazawa na yi ta sauraron rediyo ban san abin da ake cewa ba, hankalina na Gangara. Ranar kasuwar Gangara na koma, na tarar da gitar a jingine, fuskarta ga bango.

"Ɗauki kayanka, ɗana," in ji shi. "Hannun ya mutu, na yarda."

Da ƙyar ya yi mini bayani. Ƙarfen ba ya tafiya, sai ya riƙa tsalle, ya tsaya inda ba a aike shi ba. Na taɓa tsirkiyar, yatsana ya manne. Ƙaro ne. Tun yana yaro bai taɓa fara kiɗa ba sai ya goga wa izgar bakansa ƙaro don ta kama. Da ya ga ƙarfe na sulɓe masa, sai ya yi masa maganin da ya sani, ya shafe tsirkiyar da ƙarfen duka.

"Kawu, kukuma ce ke son kamu. Wannan santsi take so."

"Abin da ba ya kamu, ta ina ake riƙe shi?"

Matarsa ta tsiyayo kananzir daga fitila, na goge da tsumma, ina tsoron in gama ya ce a'a. Na ɗora masa a cinya. Ya daɗe yana kallon hannunsa, ni kuma ina tsaye ina sauya ƙafa.

Taken da yake buɗe biki da shi ya nema. Ƙarfen ya zarce inda ya nufa, ya dawo da shi, ya sake zarcewa. Can ya sauka daidai, ya girgiza shi kaɗan, muryar ta yi rawa irin ta kukuma, sai dai ta fi ta sanyi. Daka ya tsaya a tsakar gida. Ya sake daga farko, ya kai ƙarshe da tuntuɓe biyu.

Ya ce, "Jibi akwai suna gidan maƙeri. Ka biya ka ce musu zan je. A nemo mini kujera, wanga abu ba ya zama a tabarma."