Ranar da Muryar Gwaggo Kalolaine Ta Ƙi Fita

Gwaggo Kalolaine yayar mahaifina ce, kuma shekara talatin da ɗaya ita ke ja wa mawaƙan cocinmu baki. Idan ta ɗaga murya ranar Lahadi, mutanen ɗaya cocin da ke ƙarshen ƙauye har ƙorafi suke yi wai tana danne musu wa'azi. Mace ce mai jiki, tana kuma alfahari da shi, don ta yi imani a kitse murya take zama. Da safe shayi kofi uku, kowanne da sukari cokali huɗu, da burodi ya sha man shanu. Ranar Lahadi kuwa ƙirjin rago ne naɗe a ganyen gwaza, an kwarara masa madarar kwakwa an gasa a rami. Ta ci ta yi nak, ta miƙe a tabarma sai ƙararrawar yamma ta tashe ta.

"Ke Lesieli," takan ce mini, "dube ki kamar sillen kara. Da wannan wuyan za ki yi waƙa?"

A gidanta nake zaune tun da mijina ya tafi aiki Auckland a ƙasar waje, saboda haka ni na fara lura. Kullum da safe sai ta yi ta gyaran murya a bayan ɗaki, tana tofar da wani ruwa mai tsami. Muryar ta dishe. Ta ce mura ce, ta shiga tsotsar lemun tsami da gishiri. Wata uku murar ba ta tafi ba. Ni da ita duk mun san abin da muke tunani, amma babu mai iya furtawa: haka mahaifina Manase ya fara, shekara shida da suka wuce. Dishewar murya, sai haɗiya ta gagara, kafin wata takwas mun binne shi. Ciwon daji ne a maƙogwaro.

Abin ya fito fili ne a jana'izar matar wani dattijon coci. Rana tsaka muna tsaye a bakin kabari, kowa cikin baƙaƙen kaya da tabarma ɗaure a ƙugu, kamar yadda al'adarmu take. Siosaia, shugaban mawaƙanmu, ya ɗaga hannu ya ba Gwaggo alama. Ta cika ƙirji, ta buɗe baki. Iska ce kawai ta fito. Ta sake gwadawa, sai wani ɗan kuka kamar na ƙyauren da ya yi tsatsa. Mu arba'in muna jiran ta, ba wanda ya taɓa koyon shiga waƙar ba tare da ita ba. Ta juyo ta dube ni, idanunta sun firfito, hannunta a wuya.

Da muka koma gida ta zauna a bakin gado, ko tabarmar ƙugun ba ta kwance ba.

"Irin na Manase ne," ta ce da raɗa.

"Gwaggo, mu je asibiti a duba."

"Da ƙafarsa ya shiga, a akwati ya fito. Ba ni zuwa."

Washegari ta fiddo manyan tabarmin da ta gada, ta fara faɗa mini wa za a ba wacce. Sai ga Siosaia ya shigo, wanda tare suka yi firamare, shi kaɗai ke iya gaya mata magana.

"Kalo, rabon gado ake yi ba a kira ni ba? Ke da fasto ke canza hanya in ya hango ki, yau ke ce ke tsoron likita?"

"Fita mini daga gida, tsohon banza."

"Zan fita. Amma in kika mutu ba a duba ki ba, wallahi waƙar da kika fi tsana zan sa a yi miki a kabari."

Ta harare shi, hawaye na zuba. Ranar Talata muka hau jirgin ruwa zuwa Nuku'alofa, babban birninmu, inda asibitin yake.

Likitar ta zura mata wani siririn bututu mai fitila ta hanci, tana kallon allo. Gwaggo ta damƙe mini hannu har yatsuna suka mutu. Dubawar ba ta fi minti biyu ba, amma a cikinta na gama hango kaina ina ɗinka baƙaƙen kaya. Da ta zare bututun, sai ta ja kujera.

"Mama, me kike ci? Faɗa mini tun daga safe."

Gwaggo ta lissafa. Likitar ta ce babu ƙari, babu daji. Ruwan ciki ne mai tsami ke hawowa yana ƙona mata maƙogwaro, kitse da shayi da kwanciya kan ƙoshi ke tunzura shi, lemun tsamin kuma ƙara wa wutar mai yake. Sukarin jininta ma ya hau. Ta ce a bar ƙirjin rago da naman gwangwani, a koma kifi da dafaffiyar doya da ganye, kaɗan-kaɗan, a sha ruwa da yawa, kada ta kwanta sai abinci ya yi awa uku a ciki. Waƙa kuma a ajiye ta mako shida.

Na ɗauka tsoro ya ƙare, ashe da saura. Gwaggo ta bi dokar, sai ta fara ramewa, kuma haka mahaifina ya rame. Rigunanta suka yi mata yawa. A bikin wani ɗan ƙaninta aka ajiye mata gasasshen alade a gabanta, kamar yadda ake yi wa gwaggon ango, ta ture shi ta ɗauki kifi. Nan take raɗe-raɗi ya zaga rumfar. Mata suka fara zuwa gaishe ta da kwanukan abinci mai maiƙo, suna magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki.

"Lesieli, gaya mini gaskiya," ta ce wata rana tana jan fatar damtsenta. "Likitar nan ta faɗa miki wani abu a bayan idona?"

Na rantse mata. Ba ta yarda ba, ni ma akwai ranakun da na yi shakka.

Da mako shida suka cika na raka ta wajen gwajin waƙa. Tana zufa tun daga ƙofa. Siosaia bai yi mata zolaya ba ranar, ya dai ba ta sauti a hankali. Ta kama. Muryar ta fito tas, duk da ba ta kai ƙarfin da ba. Da aka zo can ƙololuwa sai ta tsaya, ta girgiza kai. Wannan sauti na sama bai dawo mata ba har yau.

Yanzu wata malamar makaranta ke ja mana baki, Gwaggo kuma tana layinmu na masu ƙaramar murya, kusa da ni. Shekararta sittin da uku. Goran ruwanta na ƙarƙashin benci, kuma duk wadda ta kauce wa sauti a layin nan, gwiwar hannun Gwaggo za ta ji a haƙarƙarinta.