Gwangwanin 'Yan Ɗaya ga Janairu

In ka bi hanyar kasuwar shanu ta Potiskum, kafin ka ga Ya Gumsu hancinka zai riga ka sanin tana nan. Turaren wuta take sayarwa da humra, a kan tabarma, ita da kaskonta da ba ya rabuwa da hayaƙi. Babarbariya ce 'yar unguwar Hausari, ta ba sittin baya, ga tsiwa ga saurin dariya. Da zarar ciniki ya lafa sai ta zuba wa hayaƙin ido, hankalinta ya tafi wani wuri. Ka yi sallama har ka gaji.

Abin da take tunani ɗaya ne, kuma duk wanda ya zauna da ita ya san shi: ba ta san ranar da aka haife ta ba. Mahaifiyarta ta rasu tun ba a yi suna ba. Mahaifinta falke ne daga Borno, mutum mai tsadar magana, har ya koma ga Allah bai taɓa buɗe wannan zance ba. Abin da ya rage mata shi ne labarin da wata tsohuwa ta ba ta, cewa wata Bafulatana da ta haihu rana ɗaya da mahaifiyarta ita ta haɗa ta da ɗanta Sajo ta shayar da su. Ana yaye su Fulanin suka kaɗa shanunsu suka yi gaba. Wato dai a duniyar nan akwai mutum guda da suka iso tare, suka sha nono ɗaya, kuma ko a hanya suka gamu ba za ta gane shi ba.

Da aka zo yin katin zama ɗan ƙasa, ma'aikacin ya tambaye ta ranar haihuwa, ta ce Allah masani. Bai ko ɗago kai ba ya sa mata ɗaya ga Janairu, yadda ya sa wa maƙwabciyarta, da mai kayan miya, da rabin tsofaffin Hausari. Ya Gumsu takan ce lalle ungozomomin garin nan sun sha wahala a ranar.

Ɗanta Zulkifli, magidanci ne mai shagon gyaran waya, shi ya kawo wasan. Ya ce a wasu ƙasashe mutane kan ɓoye ɗan akwati a wani lungu, su sa alamar wurin a waya, masu nema su bi taswira har su gano shi, su ɗauki abu ɗaya su ajiye wani. Ya samo gwangwanin madara mai murfi, ya ce nasa na ranar ɗaya ga Janairu ne, don ya faranta wa uwarsa rai. Ya buga hotunan shahararrun da aka haifa a ranar ya zuba ciki: ɗan ƙwallo, wata mawaƙiya, da wani Bature mai gemu har ƙirji. Ya cusa gwangwanin a kogon wata kuka da ke bayan tabarmarta.

Ta juya hotunan ɗaya bayan ɗaya ta ce, "To waɗannan su ne tagwayen nawa?"

Ya ce, "Iya, duniya ta san su fa."

Ta ce, "Ni ban san su ba. Wannan mai gemun ma ko humra ba zai saya ba."

Aka yi watanni ba wanda ya zo da waya yana nema. Wa zai bar neman abinci ya tafi farautar gwangwani? Sai Ya Gumsu ta fara gaya wa masu sayen turare cewa akwai gwangwanin 'yan ɗaya ga Janairu a kogon kuka. Da farko matan suka ja da baya, suka ce su ba ruwansu da ajiyar aljanu. Amma da suka ji zancen a ɗauka a ajiye, sai suka fahimce shi ta tasu hanyar. Kowacce ta zo da abin da aka ce ana yi lokacin da aka haife ta. Wadda aka haifa da kaka ta jefa ƙwayar sabon gero. Wadda aka haifa cikin azumi ta sa dabino. Wani tsoho daga Danchuwa ya taka musamman ya kawo busasshiyar fara, ya ce shekararta ce ya zo duniya. Hotunan kuwa ɗaya bayan ɗaya aka kwashe su, har aka ga na Baturen manne a gilashin wani Keke Napep.

Da yamma, in rana ta yi sanyi, takan ciro gwangwanin ta buɗe ta shaƙa. Sai ta ga kamar duk damina da rani na garin suna ciki a kwance. Ta lumshe ido ta ga wata rugga, ga maruƙa a ɗaure, ga wata doguwar mace da jarirai biyu a cinya, amma ko yaushe fuskar macen a juye take. Ita kaɗai ce ba ta sa komai a gwangwanin ba. Me za ta sa? Abin yana yi mata ciwo, ba ta kuwa ɓoyewa.

Duk Bafulatanin da ya ratso ranar kasuwa sai ta tare shi da wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani: "Kai bawana, zo ka gai da uwargijiyarka." In an gama musun wane ne bawan wani, sai ta sassauta murya ta ce ko ya san wani Sajo. Su kuwa Sajo a daji ai sun fi a ƙirga. An nuna mata Sajo yaro, an nuna mata Sajo da ya girme ta nesa ba kusa ba. Zulkifli ya ce ta haƙura. Ta ce haƙuri tana da shi, tambaya ce ba za ta daina ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, wata mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta a inuwar kukar. Murjanatu sunanta, mace ce da ba ta wuce arba'in ba. Ta ji labarin gwangwanin a bakin 'yan uwanta masu nono, ta zo ta gani da idonta. Ya Gumsu ta yi mata tsiyar da ta saba, sannan ta yi tambayar.

Murjanatu ta ce, "Sajo ai baffana ne, shi ya haife ni. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Shi ma Janairun nan suka rubuta masa."

Ya Gumsu ta ce Allah ya ji ƙansa, da muryar da ta saba yi wa Sajon wasu. Har ta juya za ta ƙara garwashi.

Murjanatu ta ci gaba tana gyara faifan ƙwaryarta: "Kullum sai ya ce yana da 'yar uwa cikin Barebarin Potiskum, nono ɗaya suka sha, uwarta ta mutu ta bar ta. Mu dariya muke, mu ce me ya haɗa mu da bayi. Ya ce innarsa ta yi ta kuka ran da za su tashi, har tsufanta tana cewa ko ina Altinenta take."

Hannun Ya Gumsu ya tsaya a kan kasko. Ta ce, "Wa take cewa?"

"Altine. Ai ran Litinin aka haife su."

"Da damina ko da rani?"

"Wallahi ban sani ba. Litinin dai."

Ya Gumsu ta ture kaskon gefe. Ga ranarta ta samu, ga wanda suka zo tare ya riga ta tafiya, ba ta ko san kamannin fuskarsa ba. Ta kama fuskar Murjanatu da hannu biyu tana dubawa, tana neman nasa hancin da nasa idon a ciki, hawaye na zuba ba ta share ba. Masu sayen turare suka tsaya cirko-cirko.

Da la'asar Murjanatu ta naɗa gammo ta ɗora ƙwaryarta. Ta yi 'yan taku sai ta waiwayo ta ce, "Goggo Altine, sai wata kasuwar."

"Na'am," in ji Ya Gumsu, tun kafin ta tuna ba wanda ya kira ta haka tun tana goye.