Likitocin Gindin Darbejiya

Shekarar da aka canja fam zuwa naira na dawo daga Sudan, na tarar yayana ya kafa injin niƙa a Gwaram. Ɗakin ƙasa ne, ƙofa ɗaya, babu taga, domin a cewarsa taga hanyar ɓarawo ce. Hayaƙin man gas da ƙurar gari sun cika shi, ko da rana tsaka ka shiga sai ka laluba. Na ga injina a Kumasi da Omdurman, duk a rumfa suke, iska na ratsawa. A gida kaɗai na ga an kulle inji da mutum a ɗaki ɗaya.

Yayan nawa yana da ciwon suga. A asibitin Birnin Kudu ake auna shi: a ɗiga fitsari cikin wani ruwa shuɗi, a ɗora kwalbar kan wuta, in ya koma ja to ciwo ya tashi. Amma akwai nisa, mota kuma sai ranar kasuwa. Sai ya koma ga abin da mutanenmu suka sani. Kowace safiya yakan zuba fitsarinsa a kasko ya ajiye gindin darbejiya. In kiyashi suka taru, ya rage tuwo, ya bar shayi.

"Ga likitocina nan," yake ce mini. "Ba sa tambayar kati, ba sa tafiya hutu."

Bayan damina na sake kai masa ziyara. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa, yana tari mai zurfi kamar daga rijiya. Amma ga shayi a gabansa, ya jefa suga ƙwaya huɗu ina kallo.

"Na warke, ƙanena. Wata uku ke nan ko kiyashi ɗaya bai zo ba."

"To wannan tarin fa, Yaya?"

"Gari ne. Ka taɓa ganin mai injin da ba ya tari? Kai dai tun da ka sha ruwan ƙasashe, ko atishawa aka yi sai ka ce asibiti."

Matarsa ce ta gaya mini awaki sun dame su da kifar da kaskon, shi ya sa aka mayar da shi bayan ɗakin inji. Na zagaya. Ƙasar wurin ta sha baƙin mai har tana ƙyalli. Babu ciyawa, babu ƙadangare, ko ƙuda babu. Kaskon na zaune shi kaɗai.

Na samo sabon kasko, na roƙe shi ya sake zuba fitsarin. Ya yi tsaki, amma ya yi. Na kai gindin darbejiya, muka shimfiɗa tabarma kusa. An kashe inji, unguwar ta yi tsit.

Ba mu daɗe ba kiyashi suka fito daga saiwar bishiyar, siririn jan zare, suka rufe bakin kaskon. Sannan zaren ya rabu biyu. Ɗayan ya miƙo wajenmu, ya hau tabarma, ya wuce ni, ya kama yatsun ƙafar Yaya, ya nufi ƙafar wandonsa inda fitsari ya ɗiga.

Ya daɗe yana kallonsu bai motsa ba.

"Ƙanena," ya ce a hankali, "ba na jin su."

Ranar kasuwa muka shiga mota. Shuɗin ruwan ya koma ja jawur. Aka duba majinarsa, aka ce tarin fuka ne. Malamin asibitin ya ce suga ne ya karya ƙarfin jikin, hayaƙi ya cinye huhun, tarin ya samu wurin zama. Aka fara allura, amma mun makara. Kafin a gama yankan dawa muka binne shi.

Da hannuna na fasa taga biyu a ɗakin kafin wani ya karɓi injin.

Yanzu ni ma ciwon ya kama ni, jikokina sun sayo mini na'urar da ke huda yatsa ta nuna lamba. Duk da haka, in na ga layin kiyashi a tsakar gida, sai na bi shi da ido na ga inda ya nufa, sannan na duba ƙafata.