Takalmin Sarkin Bono a Ƙofar Hakimi

Akwai ranakun aiki da yawa da na roƙi Allah ya mantar da ni, ya kuma amsa. Ranar da shugaban sashenmu ya kusa tuɓe sarkin wata ƙasa da hannunsa na dama ba ta cikinsu. Tun da ku matasan ofis kun matsa sai kun ji daga bakina, ga shi, domin labarin da ake yawo da shi a sakateriya an ƙara masa gishiri, an kuma cire sunan mai laifi.

A lokacin ni ne jami'in al'adu a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin ƙasar Haɗeja, ina matakin albashi na takwas. Kafin nan na yi shekara tara ina koyar da tarihi a sakandare. Ga wanda bai san tsarin ba, jami'in al'adu shi ne mutumin da ake tunawa da shi idan za a yi baƙi, a manta da shi idan za a ɗauki hoto. Sama da ni akwai shugaban sashe, Alhaji Bala, sama da shi ciyaman. Duk abin da na sani, ƙa'ida ita ce in rubuta wa Alhaji Bala, shi ya kai gaba. Ba ni da izinin yi wa hakimi magana a kan aikin hukuma sai ta hannunsa.

A tsakiyar damina wasiƙa ta zo daga wani gari na ƙasar Bono, can cikin Ghana. Bono ɓangare ne na mutanen Akan, waɗanda kakanninmu fataken goro suke haɗa su duka su ce Tonawa. Mai wasiƙar shi ne Sarkin Zangon garin, Alhaji Mamman, Bahaushe wanda kakansa ya tashi daga wani garinmu na bakin kogi, ya tafi Gwanja fataucin goro, bai dawo ba. Ya ce zai zo ganin tushensa, kuma sarkin garin nasu na Bono, wanda gidansu ne ya ba kakansa filin zama, zai rako shi ya gai da hakiminmu.

Na koma littattafaina, na kuma buga wa Alhaji Mamman waya har sau biyu, sannan na rubuta shafi biyu. Jigon maganar shi ne wannan: a wajen Akan, daga ranar da aka ɗora mutum a kan kujerar kakanni, tafin ƙafarsa ba ya ƙara taɓa ƙasa a bainar jama'a. Idan masu zaɓen sarki suka gaji da shi, ba takarda suke aika masa ba. Takalminsa suke cirewa, ƙafa ta taɓa ƙasa, shi ke nan ya koma talaka. Alhaji Mamman ya ƙara mini da cewa gidan da ke hamayya da wannan sarki ya daɗe yana neman hujja a kansa, kuma dole aka taho da mutuminsu cikin tawaga don kada a ce an ware su. Na kuma rubuta cewa tsohuwar da za ta zo tare da sarkin ita ce uwar sarauta. Ita ta zaɓe shi, domin su ta ɗakin uwa ake gadon kujera.

Alhaji Bala ya taɓa zuwa Akra taron kwana huɗu. Ya dawo da wani zane mai launi-launi, da kuma yaƙinin cewa ya gama karanta Ghana har bango. Ya karɓi takardata ya auna nauyinta a tafin hannu.

"Malam Isa, wannan duk ta mece ce? Jarrabawa za mu zauna?"

"Yallaɓai, shafi na biyu kawai za ka duba, sakin layi na farko."

"Ni za ka gaya wa mutanen Ghana? Na ci abincinsu, na hau motarsu. Ku malaman makaranta, ko ruwan sha aka ce ku kawo sai kun haɗo da tarihin rijiyar."

Ya rubuta "An gani" a samanta, ya sa hannu mai doguwar wutsiya, ya miƙa a kai fayil. A aikin gwamnati, "an gani" na nufin ido ya sauka a kan takarda ya kuma tashi lafiya.

Baƙin sun iso ranar Laraba da hantsi. Kogi ya ci wani ɓangare na hanya, sai da motoci suka zaga ta gefen gonakin shinkafa kafin mu kai ƙofar gidan hakimi. Sarkin ya fito, dattijo ne mai jiki, Nana suke kiran sa. Ya yafa zane a kafaɗar hagu, an riƙe masa laima, ƙafarsa da takalmin fata mai ado ruwan zinare. Aikin farko da Alhaji Bala ya yi shi ne ya nuna wa uwar sarauta hanyar cikin gida, wai mata suna can wajen girki. Ta dube shi kamar yadda ake duban ƙuda a bakin kwano, ta tsaya inda take.

To, zauren hakiminmu tun zamanin kakansa takalmi bai taɓa ƙetare dokin ƙofarsa ba. Ciyaman kansa a waje yake barin nasa. Kowa ya zare, takalma suka taru a gefe. Nana ya tsaya cak.

Alhaji Bala ya matsa gabansa ya ce masa da Turanci ya cire takalmi. Nana bai ko dube shi ba, domin sarkinsu ba a yi masa magana kai tsaye a taro, sai ta bakin mai riƙe masa sanda. Alhaji Bala ya maimaita da ƙarfi, yana rarrabe kalmomi kamar mai magana da kurma. Na raɗa masa a kunne.

"Yallaɓai, don Allah bar maganar takalmin nan. Sarautarsa ce."

"Rufe mana baki, Malam Isa. Ba ka ga tumbi ne ya hana shi sunkuyawa ba? Bari in nuna musu karamcin Haɗejawa."

Ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa, ya kama takalmin sarkin na dama ya fara ja.

Nana ya danne ƙafarsa a ƙasa har jijiyar ƙaurinsa ta fito. Alhaji Mamman ya kurma ihu: "Kai! Kai bawan Allah, sake! Za ka kashe mu!" Can gefe na hango mutumin gidan hamayya ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, kamar wanda ya kwana yana addu'ar wannan rana. Uwar sarauta ce ta tako, ta sunkuya da tsufanta, ta kama wuyan hannun Alhaji Bala ta ɗauke shi daga kan takalmin kamar mai cire kaska a jikin saniya.

Alhaji Bala ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ransa a ɓace. "To ai mu ma muna da al'ada! Wanda ya zo garinmu ya bi tamu." Sarkin Fada, wato mai kula da shiga da fita a wajen hakimi, shi ma ya ce gaskiya takalmi ba zai shiga ba, kuma bai yi ƙarya ba. Baƙi suka fara juyawa wajen motoci. Alhaji Mamman, da ya yi tafiyar kwana uku don ya ga garin kakansa, yana tsaye hawaye na bin gemunsa, domin shi ne zai koma ya zauna da su.

Nan na karya ƙa'ida. Na wuce shugaban sashena, na shiga zaure, na faɗi na yi gaisuwa.

"Allah ya ja zamanin hakimi. Baƙonka yana ƙofa, ba zai iya shigowa ba."

"Ƙofar ce ta yi masa kaɗan?"

"Takalmi ne, ranka ya daɗe. A ƙasarsu, a cire wa sarki takalmi a gaban jama'a daidai yake da a warware maka rawani a tsakiyar kasuwa. In ya cire, ba zai koma gida yana sarki ba."

Hakimi tsoho ne wanda bai wuce firamare ba.

"Wa ya ce ya cire?"

"Hukuma, ranka ya daɗe."

"Hukuma," ya maimaita, kamar wanda ya tauna tsakuwa a cikin shinkafa. Ya ɗaga murya: "Sarkin Fada, a kai shimfiɗa gindin tsamiya. A miƙo mini takalmina. Ɗakin ne ba ya son takalmi, ni ba ni da rigima da shi."

Haka ya fito da takalminsa a ƙafa ya tari baƙonsa a waje. Ya tambaye ni wace ce tsohuwar, na gaya masa, sai ya fara gai da ita. Suka ba shi huhun goro, ya ba su bandar kifi da buhun shinkafa. Aka kira Bulama, wato mai unguwa, ya kai Alhaji Mamman kangon gidan kakansa. Da aka zo ɗaukar hoto, Alhaji Bala ne a tsakiyar sarakunan biyu, yana murmushi.

Ranar Litinin na tarar da kweri a kan teburina, wato takardar tuhuma da ake ba ma'aikaci ya kare kansa cikin kwana ɗaya. Laifina shi ne tsallake shugaba da yi wa hakimi magana ba izini. Na amsa laifin, tun da na yi. Aka sa mini takardar gargaɗi a fayil, ƙarin girmana ya yi jinkirin shekara. A rahoton da ya kai wa ciyaman kuwa, Alhaji Bala ya rubuta cewa sashe ne ya tsara karɓar baƙi a fili don girmama al'adun ɓangarorin biyu.

Bayan wata biyu Alhaji Mamman ya bugo mini. Gidan hamayya ya kai hoton da mutuminsu ya ɗauka gaban dattawan garin: ga hannun baƙo a kan takalmin sarki, ga takalmin ya ɗan karkace. An yi kwanaki ana zama. Uwar sarauta ta rantse a gabansu cewa tana wurin, kuma tafin ƙafarsa bai taɓa ƙasa ba. Da rantsuwarta ya tsira da kujerarsa, amma sai da aka yanka tumaki don wanke abin kunyar, kuma Hausawan zango sun daɗe suna tafiya kai a sunkuye.

Na shiga ofishin Alhaji Bala na kwashe duka na gaya masa. Ya saurara yana juya biro.

"To ai ba a tuɓe shi ba. Hoton, fuskata ta fito?"

"A'a, yallaɓai. Hannunka kawai."

"Alhamdulillahi," in ji shi, ya jawo wani fayil.

Abin da na koya a ranar, ku riƙe shi. Masu sarauta na gaske ba sa wahalar fahimtar juna, ko ba su da harshe ɗaya, domin kowannensu ya san abin da mutum zai iya rasawa a bakin ƙofa cikin minti ɗaya. Wanda bai san komai ba shi ma ba abin tsoro ba ne, yakan tsaya a baya ya kalli abin da wasu ke yi. Mai ɓarna a aikinmu shi ne wanda ya san kaɗan, yake da iko da yawa, kuma ba shi zai biya ba. Irinsa ba ya faɗuwa, don haka kada ku zauna jiran ranar. In kun ga ya durƙusa zai yi karamci, ku tsallake shi, ku karɓi kwerinku daga baya.

Alhaji Bala ya yi ritaya yana darakta. A taron sallamarsa an yaba masa musamman kan ƙarfafa zumunci tsakaninmu da sarakunan Ghana, aka tafa har da tsayuwa. Ni aka umarta in rubuta jawabin, kuma na rubuta.