Ƙwayar da na aika wa shanun Baba

Shekara shida ke nan cif da rasuwar yayana Lawal, malamin dabbobi da ya yi aiki a Safana. Duk shekara sai in sa hotonsa a waya, in rubuta Allah ya jiƙansa, mutane su ce amin, a wuce. Bana ba zan tsaya nan ba. Akwai abin da na ɓoye tun wancan lokacin, kuma makon jiya ya sake taso mini.

Wanda bai san shi ba, dogo ne siriri, kullum da akwatin allura ɗaure a bayan babur. Daga Tsaskiya har rugagen da ke bayan ƙauyenmu kusa da Yasore, Dokta ake ce masa, shi kuma ya ce a daina ƙara masa muƙami ba albashi. In aka taɓo zancen jikin dabba, to ka nemi wurin zama.

A bakinsa na fara jin kalmar sirotonin. Muna zaure da hantsi muna cin soyayyar fara, sai ya ɗaga guda ya ce, "Auwalu, abin da ke cikin kan wannan, akwai shi a naka. Wataƙila ma ta fi ka amfani da shi." Ya ce jijiyoyi ba a haɗe suke ba kamar wayar lantarki, akwai ɗan rata tsakaninsu. Sai ɗaya ta saki wani sinadari, ya tsallaka ya kai wa ta gaba saƙo. Sirotonin ɗaya ne daga cikin waɗannan. Tsutsa tana da shi, kaza tana da shi, sa yana da shi, mutum ma haka. Yana da hannu a barci, da cin abinci, da motsin hanji, da zafin jiki, da natsuwa. In ya kai saƙo, jijiyar sai ta janye abinta. Ƙwayar tiramol kuwa, ban da kashe ciwo, yana tare hanyar komawar. Saƙo ya yi ta bugawa ba tsayawa. In abin ya yi yawa jiki ya ɗau rawa, zafi ya hau, dabba ta rikice har ta daina gane mai ita.

Ba don nishaɗi yake wannan bayani ba. Lokacin ne aka fara jiƙa tiramol a ruwan dusa ana ba shanun huɗa. Kuma kada wanda ke zaune a birni ya yi saurin zagi. Gonar Babanmu tana bakin daji, inda 'yan bindiga ke fitowa. Da an ji ƙarar babura uku a jere, kowa sai ya saki garma. So ake a gama huɗar kwana huɗu cikin biyu a bar wurin, shi kuwa sa in ya gaji ya gaji. Yaya Lawal yana bin masallatai da kasuwanni yana cewa a bari, ana ce masa to Dokta, ana ci gaba.

Ina Katsina ina koyon gyaran waya Baba ya kira ni. Ya ce in samo masa ƙwayar, in ba direba. "Kada yayanka ya ji, ka san shi da wa'azi." Na saya, na cusa a kwalin shayi, na aika. Har daɗi na ji, wai na yi wa Baba amfani.

Kwana uku bayan nan, da la'asar, jan sanmu ya fara karkarwa a turke. Miyau na zuba, ido a waje, numfashi sama-sama. Aka kira Yaya daga Safana. Ya tambayi Baba me aka ba shi, Baba ya ce dusa da kanwa. Bai gamsu ba, ya koma gefe ya kira ni.

"Auwalu, tsakaninka da Allah, ka aiko da wani abu gida?"

"Ni? Shayi kawai na aiko, Yaya."

"Ka tabbata? Don in ƙwaya ce ba zan matsa kusa da shi ba, ruwa za mu yi ta watsa masa daga nesa."

"Shayi ne."

"To shi ke nan. Ƙila gyauron dawa ya ci."

Ya shiga turken da kwalba a hannu zai yi masa ɗura. Wannan san shi ya yi masa allura tun yana maraƙi. Ya kama igiyar hanci, san ya fizge, ya danne shi da katanga. Sai da mutum huɗu suka taru da sanduna kafin san ya sake shi. Yaya bai kai asibitin Katsina ba, a mota ya cika. Mutane suka ce ajali, kuma ajali ne, ban musa ba. Amma ya tambaye ni, na kuma yi masa ƙarya. Ni da Baba ba mu taɓa ta da maganar ba, ko sau ɗaya.

Nakan tambayi kaina, da zai leƙo yau me zai ce? Rugage da yawa da yake zuwa sun watse. Samarin ƙauyenmu rabi suna Katsina da Kano. Ƙwayar ta yi tsada, ana kama masu sayarwa, amma wanda ke so ya san inda zai samu. Ina jin ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zama zai yi ya sake bayanin daga farko.

Makon jiya ruwa ya sauka sosai, Baba ya kira. Mun gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali. Ya ce sababbin shanun ba su da ƙwari, kuma an ga babura a bakin dajin shekaranjiya. Yanzu shi ke riƙe garma da kansa, ya haura sittin.

"Ko rabin na wancan karon ne," in ji shi.

Wancan karon. Shekara shida, wannan ne karon farko da ya kusanci zancen. In na aika, Baba ne a bayan san. In ban aika ba, Baba ne zai ƙara kwana biyu a bakin daji.

Na ce, "Baba, Yaya ya kira ni ranar. Na ce masa shayi ne."

Ina jin kaji suna kuka a bayansa. Can ya ce, "Ni ma ya tambaye ni."

Yaya Lawal bai bar gida ba, bai bar mota ba, baburin ma an sayar. Abin da ya bari shi ne ni, mai gyaran waya, na san abin da ke gudana tsakanin jijiya da jijiya a jikin sa, kuma na san shi sosai har ba zan iya sake cewa ban sani ba. Shi ya sa na rubuta wannan da sunana. Matarsa za ta karanta, kuma duk abin da ta ce mini na cancanta.

Na gaya wa Baba ba zan aika ba, zan rufe shago in zo da kaina. Mu fita da sassafe, shanu na gajiya mu kwance su mu dawo, ko kwana nawa zai ɗauka. In an ji babura, ni na fi shi gudu, amma ba zan gudu in bar shi ba.

Ya ce, "Kai da rabonka da garma tun kana firamare? Kunyoyin gonar za ka karkata mini."

Na ce sai ya gyara.

Motar Batsari da za ta kai ni gida ƙarfe bakwai take tashi gobe. Wanda ya karanta, ya sa Yaya Lawal a addu'a, mu ma ya sa mu.